Cecil Hepworth: me ya karya shi, kuma ina finafinansa suka shiga?

Tambaya: Malam, ina koyon aikin tace fim ne, wato yanka hotuna da haɗa su, kuma duk littafin tarihin fim da na buɗe sai na ci karo da sunan wani Bature, Cecil Hepworth, ana cewa yana cikin waɗanda suka kafa sana'ar a Ingila. Amma da na nemi finafinansa in kalla, 'yan gajeru kawai na samu. Wane ne shi? In har ya kai yadda ake faɗa, me ya karya shi, kuma ina sauran aikinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da ƙarshen tambayarka, don ita ce ta fi ciwo. Ba rashin iya nema ne ya hana ka samu ba. A 1924 kamfaninsa ya faɗi, bashi ya yi masa katutu, aka naɗa wanda zai tattara kadarorinsa ya biya masu bin bashi. Wannan mutumin ya sayar da negatif ɗin finafinan, wato uwar fim wadda daga ita ake buga kowane kwafi, aka narkar da su don a cire 'yar azurfar da ke jikinsu. Ana ƙiyasta cewa finafinan sun kai wajen 2,000, aikin shekara 25. Abin da ka gani a intanet ragowar kwafe-kwafe ne da suka tsira a hannun wasu mutane.

Kafin a kai ga wannan rana akwai doguwar tafiya, kuma a ganina abin da ya ɗaga shi da abin da ya kayar da shi abu ɗaya ne. Shi ya sa sai an bi labarin daga tushe.

An haife shi a Lambeth, cikin birnin Landan, ranar 19 ga Maris 1874. Mahaifinsa, Thomas Cradock Hepworth, sanannen mai nuna majigi ne, irin na zamanin da babu fim: hotuna ne a kan gilashi, a zura su gaban fitila mai ƙarfi su fito a jikin farin ƙyalle, mai nunawa yana tsaye a gefe yana bayani. Cecil ya tashi yana taya uban wannan aiki. Ka riƙe wannan, domin har ya tsufa idonsa idon mai hoto ne. Abin da ya fi damunsa a koyaushe shi ne haske, da yadda za a tsara abin da ke cikin hoto ya yi kyau a ido.

Da hoto mai motsi ya iso Ingila a 1896, yana ɗan shekara 22, kuma ya riga ya ƙera wata fitilar lantarki ta haska majigi yana sayarwa. Ta nan ya shiga. Ya yi aiki da Birt Acres, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka ɗauki fim a ƙasar, sannan da Charles Urban, Ba'amurken da ke kasuwancin fim a Landan. A 1897 ya buga Animated Photography, wanda ake ɗauka shi ne littafi na farko da aka rubuta a Birtaniya kan wannan sana'a. Ya kuma ƙirƙiro injin da ke wanke fim da kansa, maimakon a riƙa naɗe shi a katako ana tsomawa a ruwan magani da hannu. Da suka raba gari da Urban, sai shi da ɗan'uwansa Monty Wicks suka kama hayar wani gida a Walton-on-Thames, wani ƙaramin gari a bakin kogin Thames, a 1899. Cikin gidan ɗakin wanke fim, bayan gidan wurin ɗauka, rana ce fitilarsu.

Sai ka san yadda kasuwar take a lokacin kafin ka gane shi. Babu gidajen silima tukuna. Masu yawo da na'ura a wuraren bukukuwa da gidajen waƙa su ne masu saye, kuma sayen fim ɗin suke yi ɗungurungum, ana auna shi da ƙafa kamar yadda ake auna yadi a kasuwa. Wanda ya saya ya zama nasa, ya yi ta nunawa har ya tsufa ya yayyage. Ribar mai yin fim tana cikin yawan kwafin da ya buga. A irin wannan kasuwa wanda yake da injin wanke fim mai sauri da ma'aikata 'yan kaɗan masu amana shi ne sarki, kuma Hepworth yana da duka biyun.

Finafinansa na 1900 ba su wuce minti ɗaya zuwa biyu ba, amma tunda kai mai tacewa ne, kada ka raina su. A How It Feels to Be Run Over an dasa kyamara a tsakiyar hanya. Keken doki ya taho ya wuce ta gefe lafiya, sai mota ta biyo baya ta nufo mai kallo kai tsaye har ta cika hoton, komai ya yi baƙi, sai wasu kalmomi suka bayyana a kan baƙin. Wannan yana cikin wurare na farko da aka sa rubutu cikin fim. A Explosion of a Motor Car kuwa mota ce ta fashe, ɗan sanda ya ɗaga kai yana duban sama, hannuwa da ƙafafu suna faɗowa, shi kuma yana lissafawa a littafinsa. Dabarar ita ce a tsayar da ɗauka, a janye motar, a ajiye tarkace da hayaƙi, a ci gaba. A 1901 ya ɗauki jana'izar Sarauniya Victoria, kuma kwafin da aka yi ta oda su ne suka tsayar da kamfanin da ƙafafunsa. A 1903 shi da Percy Stow suka yi Alice in Wonderland, ƙafa 800, kimanin minti 12, wanda ba a taɓa yin mai tsawonsa a Birtaniya ba. Yarinyar da ta fito a matsayin Alice, May Clark, ma'aikaciyar ɗakin wanke fim ɗinsu ce.

Wanda ya sa sunansa ya zauna a littattafan da kake karantawa shi ne Rescued by Rover na 1905, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Labarin ba wani abu ba ne. Mai raino ta fita da jaririya a keken tura yara, wata mabaraciya ta roƙe ta ta hana, mai rainon ta shagala da hira da wani soja, mabaraciyar ta sace jaririyar. Karen gidan ya ji kukan da ake yi, ya fita nema, ya gano ta, ya dawo ya ja uban har wurin. Shi ke nan, minti 6 zuwa 7. Matar Hepworth, Margaret, ita ta rubuta labarin kuma ita ce uwar. Shi ne uban. Jaririyar 'yarsu ce Barbara (ba ita ce shahararriyar mai sassaƙan nan mai suna ɗaya da ita ba, kada intanet ya ruɗe ka). Karen nasu ne na gida, sunansa Blair. Mutum biyu kawai aka ɗauko daga waje aka biya, Sebastian Smith da matarsa, kowanne sule 10 da sisi. Duka kuɗin da fim ɗin ya ci fam 7 da sule 13 da nai. An sayar da kwafi wajen 400, kuma kuɗin kwafi ɗaya tak ya fi abin da aka kashe wajen yin fim ɗin gaba ɗaya. Don yawan bugawa negatif ɗin ya cinye, sai da aka sake ɗaukar fim ɗin daga farko har sau biyu.

To me ya sa ake koyar da shi? Ka kalli fitar karen. Ya yi tsalle ta taga. Hoto na gaba yana gudu a titi ya nufo kyamara. Na gaba ya sha kwana. Na gaba ya faɗa kogi ya yi iyo ya haye, ya girgije ruwa. Na gaba yana bin jerin ƙofofin wasu gidajen talakawa, yana tura wannan ya wuce, ya tura waccan, har ya dace. Da zai koma, wuraren nan ɗin dai aka sake nuna maka, ɗaya bayan ɗaya, amma a juye, yana ba kyamara baya. Karo na uku ya taho da uban ta hanyar, sai dai shi uban da kwale-kwale ya haye. Kafin a kai nan kai mai kallo ka riga ka haddace hanyar, ka san bayan kwana sai kogi, bayan kogi sai ƙofofi, don haka zuciyarka tana riga su isa. Babu rubutu ko ɗaya da ya yi maka bayani. Wurare daban-daban ne da ba lallai suna kusa da juna ba, amma saboda an kiyaye inda karen ya fita da inda ya shigo, sai suka zama gari ɗaya a kanka. Duk abin da ake koya maka yau na cewa wanda ya fita ta nan kada ya ɓullo ta inda zai ruɗa mai kallo, ga shi nan a fili, shekara 3 kafin shahararren daraktan nan D. W. Griffith ya fara ba da umarni a Amurka.

Adalci ya sa in ce ba Hepworth kaɗai ke da wannan yabo ba. Lewin Fitzhamon, wanda ya shigo kamfanin a 1904, shi ake ganin ya ja ragamar ɗaukar, kuma gwani ne wajen aiki da dabbobi da yara. Daga wajen wannan lokaci har kusan 1914 Hepworth ya ja da baya daga aikin darakta, ya zama furodusa mai kula da kamfani da injuna, wasu suna ɗauka a ƙarƙashinsa.

Shekarun nan ne ya fi ƙarfi. Ya gina ɗakin ɗauka mai rufin gilashi don a samu hasken rana mai laushi. Wajen 1910 ya fito da Vivaphone, wata dabara ta haɗa fim da faifan garmaho, ɗan wasa yana motsa baki daidai da waƙar. Ya tara 'yan wasa na dindindin da yake biyan albashi, kuma daga cikinsu ne Birtaniya ta samu taurarin fim nata na farko. Alma Taylor da Chrissie White sun shigo suna 'yan mata ƙanana, suka yi suna da jerin finafinan barkwanci na Tilly daga 1910, suka girma a gidan. Daga baya aka samu Stewart Rome, Violet Hopson da Henry Edwards. Ronald Colman ma, wanda ya je ya yi suna a Hollywood, ya ratsa ta hannunsa bayan Yaƙin Duniya na Farko. Da dogayen finafinai suka shigo bai tsaya a baya ba: a 1913 kamfaninsa ya yi David Copperfield, Thomas Bentley yana darakta, da Hamlet tare da babban ɗan wasan dandali Johnston Forbes-Robertson. Yana kuma cikin 'yan kasuwar da suka tsaya aka kafa hukumar tace finafinai ta Birtaniya a 1912, don sun gwammace su tace kansu da a bar kowace ƙaramar hukuma ta riƙa yanke nata hukuncin.

Ka lura da siffar kamfanin: gida ne. Mutane iri ɗaya shekara da shekaru, a gari ɗaya, ƙarƙashin mutum ɗaya da ya san kowane ƙusa na kowane inji. Wanda ya yi wasa yau, gobe yana iya zama a ɗakin haɗa fim. Wannan shi ya ba finafinansa tsabta da kamala da ake yabawa har a ƙasashen waje. Kuma shi ne ya rufe masa ido.

Da ya dawo ba da umarni, salonsa ya riga ya zauna, bai kuma sake shi ba. Yana son ƙauyen Ingila: gonaki, itatuwa, tsofaffin gidaje, hasken yamma. Ba ya son a shafa wa 'yan wasa kwalliya a fuska. Ba ya son kawo kyamara kusa da fuska sosai. Abin da zai fi ba ka mamaki kuwa, mutumin da Rescued by Rover ya fito daga gidansa ya koma ba ya son yanka hoto kai tsaye. Sai ya sa hoto ya dushe a hankali ya yi baƙi, sannan na gaba ya buɗe a hankali, ko da a cikin fitowa ɗaya ne. A wurinsa wannan ladabi ne ga idon mai kallo. Amma idon mai kallo ya riga ya canza. Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, ya raunana masu yin fim a Turai, Amurkawa suka cika silimomin Ingila da finafinai masu sauri, masu kusanto fuska, masu yanka ba tsayawa. Wanda ya saba da wannan, in ya zauna gaban fim ɗin Hepworth sai ya ji kamar ana jan ƙafa.

Duk da haka bai rasa kasuwa nan take ba. Alf's Button na 1920, barkwanci kan wani soja da maɓallin rigarsa ke kiran aljani, ya kawo kuɗi sosai. Ƙarfin gwiwar irin wannan nasara ne ya sa ya ɗauko babban shiri na faɗaɗa sitidiyo, har da gidan samar da wutar lantarki na kansa. Ya buɗe kamfanin ga jama'a su sayi hannun jari, amma kuɗin da aka zata ba su shigo ba, ga gini an riga an fara. Sai ya zuba abin da ya rage a fim ɗin da ya fi so a ransa, Comin' Thro the Rye na 1923, daga littafin Helen Mathers, wanda ya taɓa yi a 1916. Labarin soyayya ne na zamanin Sarauniya Victoria, inda wata kishiyar neman aure ta raba masoya da sanarwar aure ta ƙarya. Ana cikin ɗauka jarumin, Shayle Gardner, ya kwanta da zazzaɓin taifot, aiki ya tsaya, kuɗi na tafiya. Fim ɗin ya fito, an yaba kyawun hotonsa, amma bai ceci kamfanin ba.

Ka gwada shi da abin da wasu matasa suka yi a wannan shekarar. Michael Balcon da abokansa sun ɗauko tauraruwa daga Amurka, Betty Compson, suna biyanta fam 1,000 a mako, suka yi Woman to Woman, wani saurayi Alfred Hitchcock, wanda daga baya ya zama shahararren darakta, yana cikin masu taimakawa. Sun gane cewa yanzu suna ake sayarwa, da talla, da hanyar rarrabawa. Hepworth yana nan a Walton da mutanensa na jiya.

Yawancin littattafai a nan suke yanke hukunci, su ce taurin kai ne ya kashe shi, zamani ya wuce ya bar shi. Ni ban yarda wannan shi ne duka labarin ba. Gaskiya ne salonsa ya tsufa, kuma bai damu ya koyi na wasu ba. Amma ko da ya koya, kasuwar ba a buɗe take ba. Fim ɗin Amurka ya riga ya mayar da kuɗinsa a gida kafin ya ƙetaro teku, don haka ana iya ba da shi haya a Ingila da araha. Kamfanonin Amurka kuma suna tilasta wa mai silima ya karɓi finafinansu a dunƙule, har da waɗanda ba a ma ɗauka ba tukuna, sai ka ga an cike ranakun silima na watanni masu yawa gaba. Mai yin fim na gida in ya gama aikinsa sai ya jira dogon lokaci kafin a samu gurbin nunawa, kuɗinsa na kwance. Wanda ba shi da banki a bayansa ba zai jure ba. A Nuwamban 1924 an kai ga babu sitidiyo ko ɗaya a Birtaniya da ake ɗaukar fim a ciki, kuma a 1926 finafinan gida ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ake nunawa ba. Sai a 1927 majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa masu silima nuna wani kaso na finafinan gida. Shekara 3 ke nan bayan faɗuwarsa. Kuskurensa na gaske, a nawa ganin, shi ne ya ci gaba da tunani irin na mai sana'ar hannu, wanda ya yarda cewa in kaya sun yi kyau za su sayar da kansu, alhali sana'ar ta riga ta koma hannun masu jari da masu rarrabawa.

Narkar da negatif ɗin kuwa, dole ka kalle shi da idon 1924 kafin ka gane yadda aka yi hakan ba wanda ya ɗaga murya. Fim na lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, mai kama wuta kamar fetur, ajiye shi sai da ɗaki na musamman da kuɗi. Babu talabijin, babu wata hanyar sake cin kuɗin tsohon fim. A lissafin mai biyan bashi, azurfar da ke jiki ita ce kaɗai abin da ke da farashi. Ma'ajiyar finafinai ta ƙasa ba a kafa ta ba sai 1935, a ƙarƙashin cibiyar fim ta Birtaniya, BFI. Wannan ne ya sa nake taka-tsantsan da duk wani hukunci mai kaifi a kansa, nawa da na wasu. Dogayen finafinan da ya ba da umarni tsakanin 1914 da 1923 yawancinsu babu wanda ke raye da ya gan su. Da 'yan ƙalilan da suka rage ake auna mutumin.

Wani attajiri mai suna Archibald Nettlefold ya sayi sitidiyon a 1926, aka ci gaba da ɗaukar fim a wurin har 1961, sannan aka rushe. Gidan wutar lantarkin nan da Hepworth ya gina shi ne ya tsira, ya zama gidan wasan kwaikwayo na garin, yana ɗauke da sunansa, akwai kuma titi a Walton da ake kira Hepworth Way. Shi kuwa bai bar sana'ar ba. Ya koma ma'aikaci, yana haɗa tallan finafinan wasu a kamfanin National Screen Service. Daga baya BFI ta ɗora shi shugaban kwamitin da ya kula da rubuta tarihin fim na Birtaniya, aikin da Rachael Low ta yi, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1948. Ya rubuta tarihin rayuwarsa, Came the Dawn, a 1951, ya rasu ranar 9 ga Fabrairu 1953.

Abin da za ka iya kalla: finafinan motar nan biyu na 1900, Rescued by Rover, wasu daga cikin na Tilly, da Alice in Wonderland wanda BFI ta gyara a 2010 daga kwafi ɗaya da ya lalace, aka ceto kimanin minti 8 cikin 12. Comin' Thro the Rye na 1923 yana nan. Akwai kuma Helen of Four Gates na 1920, wanda aka ɗauka a tsaunukan Yorkshire kusa da Hebden Bridge. An daɗe ana lissafa shi cikin ɓatattu, sai aka gano kwafinsa a wata ma'ajiyar finafinai a Montreal ta Kanada, aka dawo da shi aka nuna a Hebden Bridge a 2010. Waɗannan biyun na ƙarshe su za su nuna maka ko zargin jan ƙafa da ake yi masa ya yi daidai.

Tunda tacewa kake koyo, ga aikin da zan ba ka. Ka ɗauki Rescued by Rover ka sa a kwamfutarka, ka yanka shi a duk inda hoto ya canza, ka rubuta ta ina karen ya shigo da ta ina ya fita a kowane guntu. Sannan ka juya guntu ɗaya daga cikin na komawarsa gida, dama ta koma hagu, ko ka musanya gurbin kogin da na kwanar, ka kalla daga farko. Bayan nan ka ɗauki fitowa ɗaya daga Comin' Thro the Rye, ka cire dushewar da ke tsakanin hotuna ka haɗa su kai tsaye, ka duba abin da fitowar ta samu da abin da ta rasa.